Ambulan Ɗin da Baba Leda Ya Buɗe

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan cikin shekaru talatin da suka wuce ya san Baba Leda, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shagonsa shi ne na uku in ka fito daga babbar ƙofa ka yi hagu, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da littattafai. Faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. A ciki akwai injin kwafi guda biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya kuma yana hutawa tun shekarar da aka haifi autansa. Sai benci, sai kanta maƙare da takardun darasin malamai har rufi. A kan tebur kuma, lulluɓe da tawul kamar jariri, ga injin sa wa takarda leda. Shi ne ya jawo masa sunan.

Mutumin nan bai yarda da takarda tsirara ba. Yakan ce maƙiyan takarda huɗu ne: ruwa, gara, ɓera da yaro. In ka kawo masa takardar haihuwa ka ce kwafi ɗaya kake so, sai ya ɗaga ta sama, ya duba gefenta, ya girgiza kai ya ce, "Haka kake yawo da ita, ko riga babu?" Kafin ka bar shagon ka yarda an sa mata leda, har kana yi masa godiya. A gida kuwa abin ba a magana. Katin asibiti, takardar haya, hoton aurensu, sakamakon firamare na kowane yaro, har guntuwar takardar da aka rubuta lambar mai gyaran famfo, duk suna sheƙi. Maiɗakinsa takan ce da ita ma za ta shiga bakin injin, da tuni an manne ta an rataye a bango.

Kada a ga laifinsa da yawa. Yana saurayi ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya ajiye takardar a ƙasan akwatin mahaifiyarsa yana jiran a buɗe ɗaukar ɗalibai. Ranar da ya buɗe akwatin ya tarar gara ta riga shi karanta ta, ta bar masa kusurwa ɗaya. Ya yi ta sintiri yana neman wata har shekarar ta wuce, mahaifinsa ya kwanta ciwo, shi kuma ya kama aiki a shagon wani mai injin kwafi. Daga nan bai ƙara yin maganar makaranta ba. Ya zauna a bakin ƙofar jami'a yana kwafe ilimin da bai shiga ya ɗauka ba, kuma bai taɓa kai wa kowa kuka ba.

Babbar 'yarsa ce ta shiga masa jami'a. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ta sami gurbin karatun haɗa magunguna a wata ƙasa mai nisa, karatun shekara biyar. Ta yi uku lafiya lau. Ana shirin shiga ta huɗu rikici ya ɓarke a can, aka rufe jami'ar, aka kwaso ɗalibai baƙi a gurguje. Ta dawo da jaka ɗaya da wani ambulan mai ruwan ƙasa da ta ɗaure a cikinta tun daga can. A cikinsa akwai takardar sakamakonta na shekara uku. Da ita za ta nemi a mayar da karatunta jami'ar gida ta ci gaba daga aji huɗu. In babu ita, sai dai ta koma aji ɗaya ta zauna da yaran da suka gama sakandare bana.

Ta ɗora ambulan ɗin a saman kabad na ɗakin mahaifiyarta, ta tara mutanen gida ta ce, "Don Allah kada kowa ya taɓa wannan." Baba Leda yana wurin, har ya gyaɗa kai ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa zai gamu da shi. Shi a tunaninsa da yara ake.

Kwana biyar bayan haka aka kwana ana ruwa. Rufin ɗakin dama yana da wurin da yake yoyo, aka tashi da safe kowa na fama da bokiti da tsumma. Yarinyar ta fita da wuri don karɓo fom ɗin canjin makaranta. Baba Leda ya shigo neman lemarsa, ya ɗaga kai, ya hango ambulan ɗin, gefe ɗaya ya jiƙe ya yi duhu. Bai yi shawara da kowa ba, ya zura shi cikin riga ya nufi shago.

Aikin da ya yi ranar, in ana maganar aiki, babu na biyunsa. Ya sa sabuwar reza ya yanka bakin ambulan ɗin daidai ta kan jan hatimin da aka buga a wurin mannewa. Ya zaro shafi huɗu, ruwa bai taɓa su ba. Ya zaɓi leda mafi kauri da yake ɓoye wa manyan baƙi, ya bar injin ya yi zafi sosai, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan kowane shafi akwai wani hatimi mai tudu wanda ake ji da yatsa. Da suka fito ya ga tudun ya kwanta ya baje, ya ce a ransa haka ma ya fi kyan gani. Ya jefa ambulan ɗin a kwandon shara, ya jera shafukan a tebur yana jiran ta biyo ta gani.

Ta biyo da hantsi riƙe da fom. Ya yaye tawul ɗin da ya rufe su da shi yana murmushi ya ce, "Uwata, zo ki ga. Yanzu ko a kogi suka faɗa babu abin da zai same su."

Ta dubi teburin. Ta ɗauki shafi ɗaya ta shafa ƙasansa da babban yatsa, ta sake shafawa. Sai ta nemi benci ta zauna.

"Baba, ina ambulan ɗin?"

"Ai ya jiƙe. Ga shi can a shara."

"A rufe ake kai shi, Baba," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mutanen jami'a ne za su buɗe da hannunsu, su ga hatimin bai fashe ba, su taɓa tudun nan su tabbatar daga can ta fito. In an buɗe, ta zama takarda kawai." Ta ƙara da cewa, "Kwana tara na yi ina bin layi kafin su ba ni. Washegari aka kulle ofishin."

Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sunkuya ta tsamo ambulan ɗin daga shara, ta kakkaɓe shi, ta haɗa da shafukan ta fita. Garin neman gira an rasa ido, kuma shi da hannunsa ya tsone shi. Ya san leda in ta kama ba ta saki, shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane haka. Duk da haka ya rufe shago ranar, ya manne wasu takardun banza ya yi ta gwada ɓare su, da dutsen guga, da tururin ruwan zafi, da reza. Kowace ya ɓare sai ledar ta taso da rubutun a jikinta ta bar farar takarda yagaggiya.

A gida maiɗakinsa ba ta raga masa ba. "Shekara nawa ina gaya maka ba kowane abu ne ke son leda ba? Yarinya ta tsallake harsashi ta kawo abu lafiya, ya zo ya mutu a hannun ubanta."

Washegari ya sa rigarsa ta fita unguwa ya bi yarinyar zuwa ofishin shigar da ɗalibai. Matar da ke karɓar takardun canjin makaranta, ɗalibai suna kiranta Dawo-gobe, kuma sunan bai zalunce ta ba. Ta san Baba Leda sarai, shi ya yi mata kwafin takardunta tun tana ƙaramar ma'aikaciya. Ta juya shafukan, ta dubi ambulan ɗin da aka yanka, ta ture gilashinta sama.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Yarinyar ba ta ma nan. Laifina ne ni kaɗai, shi ya sa na zo da kaina."

"Ai na gane hannunka, babu kumfa ko ɗaya." Ta ajiye su. "Baba Leda, ni na san ba za ka yi ƙarya ba. Amma ka tsaya ka duba. Takarda ta zo a buɗe, hatimi ya baje, an rufe ta da leda yadda ba mai iya duba ko an kankare wani abu. Sannan uban mai takardar yana da injin kwafi a bakin ƙofarmu. In kai ne a kwamitin da zai duba ta, me za ka ce?"

Bai taɓa kawowa a ransa cewa sana'ar da ya ciyar da yarinyar da ita za ta zama abin da za a tuhume ta da shi ba. Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga ido.

Dawo-gobe ta ce su rubuta wa jami'ar can ta aiko da wata kai tsaye. Kwamiti zai zauna nan da mako uku, in ta iso kafin nan shi ke nan. Yarinyar ta aika imel ya fi goma. Wasu suka dawo mata, wasu suka tafi ba amsa. Lambobin waya duk a kashe. Malaminta ɗaya da ta samu ya ce shi ma yana wata ƙasa da iyalinsa, bai san wanda ke riƙe da makullin ofis ba.

Mako guda ya wuce a haka. Tana gaishe shi da safe kamar kullum, ta kawo masa ruwa in ya dawo, amma hirar da suke yi a da ta ɗauke. Shi kuma abinci ya daina wuce masa. A shago ya fara abin da bai taɓa yi ba, yana ba mutum kwafin wani, yana manta shafi a cikin inji.

Shugaban sashen haɗa magunguna tsohon mai hulɗa da shi ne. Baba Leda yana kiransa Farfesa Gaba-da-baya a ɓoye, don bai taɓa yarda a bar bayan takarda fari ba. Shekara ashirin suna tare, Baba Leda bai taɓa roƙonsa komai ba, kuma ko yanzu bai yi niyya ba. Farfesan ne ya zo karɓar aikinsa, ya buɗe, ya ga layuka sun karkace kamar za su zube daga shafin.

"Malam, lafiya kuwa? Ko injin ne ya tsufa?"

"Injin lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Mai injin ne."

Farfesa ya ja benci ya zauna, Baba Leda ya kwashe labari ya gaya masa, bai rage komai ba. Da aka zo wurin leda mafi kauri, Farfesa ya kasa riƙe dariya, ya yi ta yi har da share ido, sannan ya ba shi haƙuri. Daga nan ya shiga buga biro a gwiwa.

"Ba zan iya shiga kwamiti in ce takardar nan gaskiya ce ba," in ji shi. "Ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba don kai ne. Amma wanda ya yi shekara uku yana haɗa magani, ai ba a takarda kaɗai ya bar shaida ba. Zan nemi su bar ni in gwada ta. In tana da shi a ka, za mu gani. In babu, kada ka ƙara tayar mini da maganar."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

"Tambayoyin kuma da hannuna zan rubuta su. Ba za su zo shagon nan ba."

"Ko ka kawo ba zan karɓa ba," in ji Baba Leda, kuma karon farko ke nan a mako da bakinsa ya yi alamar murmushi.

Kwamiti ya yarda, amma bai yi da wasa ba. Jarrabawa shida a rubuce, daga darussan aji ɗaya zuwa uku, sai ta bakwai a ɗakin gwaje-gwaje a gaban malamai uku. Kwana goma sha biyu aka ba ta.

Littattafanta duk sun tsaya a can. A nan ne kantar Baba Leda ta yi ranarta. Babu malamin sashen da takardun darasinsa ba sa wurin, wasu tun kafin a haife ta. Ya hau kujera ya dinga sauko da su yana bugun ƙura. Bai san abin da ke ciki ba, amma ya san masu su. Ya san wanda bai canza ko waƙafi ba cikin shekara goma sha biyar, ya san wadda ke ƙara sabon babi duk shekara, ya san shafukan da ɗalibai ke rububin kwafewa in jarrabawa ta matso. Ya share mata bayan mataccen injin nan ya sa mata kujera da fanka. Tun safe take zama har a rufe shago. Wahalarta ita ce yawancin sunayen abubuwa da harshen can ta san su, sai ta ga abu ta gane shi sarai, sunan nan gida ya ƙi zuwa. Wani lokaci ya ji ta tana tsaki ita kaɗai, sai ya rage ƙarar rediyo ya yi kamar bai ji ba. Magana tsakaninsu ba ta wuce "Baba, akwai na aji biyu na wannan malamin?" da "Akwai, bari in duba."

Kwanaki uku aka yi ana jarrabawar. Kullum ya raka ta bakin ƙofa ya dawo. A rana ta ukun mai gyaran waya ya leƙo ya ce masa in bai daina kai da kawowa a gaban shaguna ba zai haƙa musu rami.

Sakamakon bai fito ba sai bayan mako guda, ranar wata Laraba da la'asar. Shago cike da ɗalibai, kowa yana miƙo takarda ta saman kan wani. Ya ɗago ya hango ta a bayan layi, riƙe da farar takarda a naɗe. Ya dubi fuskarta bai karanci komai ba. Ba ta kutso ba, ta tsaya har layin ya ƙare. Allah kaɗai ya san abin da ya kwafa wa mutanen nan. Da na ƙarshe ya fita, ta shigo ta tsaya a gaban tebur.

"Sun ɗauke ni, Baba."

Ya lalubi benci ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu yana ta hamdala, ya ji wani nauyi da ya yi wata guda a ƙirjinsa ya sauka har numfashinsa ya canza. Daɗi ya ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka ce masa jirginsu ya sauka lafiya.

"Na ci biyar, na ci ta ɗakin gwaji," ta ci gaba. "Farfesa ya ce hannuna ya fi na wasu 'yan aji huɗunsa. Ɗaya na faɗi, ta dokokin magani na nan ƙasar, ba a koya mana ita a can ba. Sun ce tun da babu takardar da za su dogara da ita, ba za su yafe mini ita ba. Aji uku zan shiga."

Ya sauke hannunsa a hankali. "Ba huɗu ba."

"Ba huɗu ba."

Shekara uku yake tsoron ya ƙone mata, ga shi biyu sun tsira, ya kamata ya gode, kuma ya gode. Amma ɗayar ta tsaya masa a wuya.

"Uwata, shekara guda na cinye miki ke nan."

"Ka cinye," in ji ta. Ba ta sassauta masa ba, kuma ya ji daɗin hakan, don da ta ce ba komai da ya san ƙarya take. Ta zagayo ta zauna kusa da shi a kan bencin, abin da ba ta yi ba tun ranar ambulan. "Na yi fushi da kai, Baba. Har na rasa yadda zan yi da fushin, don na san abin da ya sa ka yi. Yau da na fito daga ofis na tsaya a bakin ƙofa na hango ka kana fama da mutane, sai na nemi fushin na rasa."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Ka san shekara ukun nan a tsaye nake cin abincin rana? A bakin taga, ni kaɗai, ina kallon mutanen da ban san ko ɗaya ba. Ban taɓa gaya muku ba, kada Umma ta ce in dawo." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ƙarfe ɗaya muke fitowa daga lacca. Daga ajinmu zuwa nan minti biyar ne, na ƙirga ɗazu. Ka ce wa Umma ta riƙa zuba na mutum biyu. Shekarar da ka ƙara mini, a shagon nan zan cinye ta."

Baba Leda ya juya ya ba ta baya, ya buɗe murfin injin kwafi yana leƙa ciki kamar wani abu ya maƙale. Babu abin da ya maƙale. Ya daɗe a haka yana jan hanci, ya ce ƙurar tawada ce, ita kuma ta ce ai kuwa tawadar nan tana da shiga ido.

Washegari ya riga kowa buɗe shago a layin. Ya kwashe takardun da suka yi shekaru a gefen tebur, ya goge wurin da tsumma har sau biyu. Mai gyaran waya ya ga ya sunkuya wasu abubuwa sun faɗo daga aljihunsa sun yi ƙara a siminti, ya tambaye shi ko ya fara sayar da kayan kicin ne. Baba Leda ya tsince su ya goge da bakin riga ya mayar aljihu. Cokali ne guda biyu.